Gudun Fanfalaki a Tsakar Bazara



Da wuya a tashi taron zumunta ba a ambaci tseren bangaskiya ba. Sai dai da yawanmu idan muka ji kalmar tsere, abin da ke faɗo mana a rai shi ne gudun mita ɗari na filin makaranta: a busa usur, a zabura, kafin ka ƙifta ido an gama. Tseren da aka kira mu mu yi ya fi kama da gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada ƙanin wani. Tsawonsa a hukumance kilomita 42 ne da mita 195, wato ka tashi daga Funtuwa, ka bi ta Bakori, har ka kusa hango Malumfashi. To, ƙaddara a watan Afrilu ne, da tsakar rana, lokacin da ko akuya ba ta barin gindin bango. Da yake bazara ta kama, ya dace mu waiwayi tarihin waɗanda suka ci doguwar hanya da ƙafa cikin irin wannan zafi, mu ga abin da ya kai wasu ƙarshe da abin da ya kwantar da wasu a hanya.

Mu fara da Koranti. Manzo Bulus ya zauna a can shekara ɗaya da rabi, yana sana'ar ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa Bilkisu, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 18 ta nuna. Kusa da birnin akwai filin wasannin Ismiya, waɗanda ake yi duk bayan shekara biyu. Ladan wanda ya ci rawani ne na ganye, wani zamani na itacen fir, wani zamani na busasshen ganyen wani tsiro. Saboda haka lokacin da Bulus ya yi wa Korantiyawa maganar rawani mai lalacewa a wasiƙarsa ta fari, sura 9, ba sai ya yi dogon bayani ba, sun sha ganin abin da idonsu. Amma a waɗannan wasanni babu gudun kilomita arba'in. Gajeren tserensu bai kai mita 200 ba, mafi tsawo kuma bai wuce kilomita biyar ba. Doguwar hanya a wancan zamani aikin ɗan aike ne. Masanin tarihi Hirodotus ya ba da labarin wani ɗan aiken Atina da ya ruga Isbarta neman gudummawar yaƙi a shekara ta 490 kafin haihuwar Almasihu, tafiyar kusan kilomita 240, ya isa kashegari.

Littafi Mai Tsarki ma yana da nasa 'yan aiken. A 2 Sama'ila sura 18, bayan an kashe Absalom, Yowab ya tashi wani mutumin Kush ya kai wa Sarki Dawuda labari. Ahimawaz ɗan Zadok ya nace shi ma sai ya tafi, ko da yake Yowab ya gaya masa wannan labari ba mai kawo tukuici ba ne. Ahimawaz ya bi ta kwarin Urdun, wuri mai zafi amma shimfiɗaɗɗe, ya riga mutumin Kush isa. Ya san hanya, yana da ƙafa. Da sarki ya tambaye shi lafiyar ɗansa, sai ya kewaye, ya ce hayaniya kawai ya gani. Sarki ya sa ya koma gefe ya tsaya, har baƙon nan da aka tsere wa ya iso ya faɗi abin da aka aiko shi ya faɗa. Na daɗe ina ganin masu wa'azi sun fi son Ahimawaz saboda saurinsa, alhali a cikin su biyun mutumin Kush ne ya sauke nauyin da aka ɗora masa.

A ƙasar Hausa kuwa, gwanayen doguwar hanya su ne fatake. Kafin jirgin ƙasa, ayari kan tashi daga Kano ko Katsina da kanwa da tufafi da fatu, ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau, ya komo da goro. Ko a miƙe aka auna, tazarar ta wuce kilomita dubu, zuwa da dawowa kuwa kan ci watanni. Yankinmu ba baƙo ba ne a wannan harka: Maska ta yi suna da rini da baƙin yadi mai ƙyalli, Gozaki da auduga, kuma kayan nan a kan jaki da kan mutum suke fita. Funtuwa da muke gani yanzu ta bunƙasa ne daga baya, da zuwan layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920 da injin gurzar auduga.

Abin lura a wurin fatake shi ne ba sa jayayya da rana. Da asuba ake ɗaura kaya, a ci hanya da sanyin safiya, a sauka zango kafin rana ta take. Ba gajiyar mutum ke yanke inda za a kwana ba, ruwa ne: zango yana bakin rafi ko rijiya, madugu kuma ya san kowanne da nisan da ke tsakaninsu. Jagaba na gaba yana duba hanya, wasu na baya suna tattaro waɗanda suka yi rauni. Akwai salka, akwai gora, akwai malafa. Hatta goron da suka ɗauko sai an riƙa kwance huhu ana duba shi ana yayyafa masa ruwa, in ba haka ba ya bushe a yi asara. Ba wanda ke ba da lada don ka riga ayari isa, domin wanda ya ware shi kaɗai abincin 'yan fashi ne. Har yau unguwannin da ake kira Zongo a Kumasi da Akara sunan wannan masauki suke ɗauke da shi.

Cikin wannan ƙasa mai tsohon ilimin tafiya ne samari uku suka nufo da bishara. Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka, sun sauka Legas ranar 4 ga Disamba 1893. Babu wata babbar ƙungiya a bayansu, kuɗinsu kaɗan ne, kuma duk cikinsu babu wanda ya kai shekara talatin. Zazzaɓi ya kama Bingham, ya tsaya a Legas yana kula da aiko da kaya. Sauran biyun suka yi arewa. Gowans ya kai Girku, kudu da Zariya, ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu a watan Nuwamba 1894. Kent ya rasu a Bida a watan Disamba. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a karo na uku aka kafa tasha a Pategi a 1902. Daga wannan tushe SIM ta tsiro, daga SIM kuma ECWA ta fito a 1954.

Ayari na biyu na 'yan CMS ne. Bishof Herbert Tugwell ya ja mutum huɗu: Dokta Walter Miller, da A. E. Richardson, da Claud Dudley-Ryder, da J. R. Burgin. Wasunsu sun riga sun koyi Hausa a Tarabulus, inda Miller ya gamu da wani yaro Bahaushe mai suna Abdulmajid wanda ya ƙetare hamada a kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji. Sun bar Legas a watan Janairu 1900, suka bi ta Jaba da Zariya, suka isa Kano a watan Afrilu. Ku duba kalanda da kyau: sun yi tafiyar kusan kilomita dubu, suka shigo ƙasar Hausa daidai lokacin da bazara ta fi tsanani. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su fice. Suka juyo kudu, suka yada zango a Girku, garin da Gowans ya rasu, a nan kuma ciwo ya ɗauke Dudley-Ryder cikin wannan shekara. Miller ne ya jure. Ya zauna a birnin Zariya daga 1905, aikin ya koma Wusasa a 1929, shi ne kuma jigon fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Muna girmama waɗannan mutane, kuma sun cancanta. Amma girmamawa ba ta hana faɗin gaskiya. Tun a 1854 Dokta William Baikie ya shiga Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, ya fito ba tare da ya binne ko mutum ɗaya ba. Wato shekara arba'in kafin Gowans, an riga an san abin da ke rage kisan zazzaɓi. Tafiya da ƙarancin guzuri da ƙarancin magani, cikin lokacin da ɗan ƙasa ma ke taka-tsantsan, ba ita ce ta sa aikinsu ya zama mai tsarki ba. Da Gowans ya rayu shekara talatin yana koyar da mutane, da babu abin da ya ragu daga bangaskiyarsa. Akwai kuma waɗanda ba mu cika tunawa da su ba a ranar tunawa da mishan: 'yan alaro da suka ɗauki akwatuna da tantuna a ka, tun daga bakin teku, a ƙasa, cikin ranar da ta kwantar da masu kayan. Da ƙafafunsu bishara ta iso arewa.

Kada a ɗauka rashin girmama rana laifin masu bishara ne kaɗai. Shekara huɗu bayan tafiyar Tugwell, masu ilimin wasanni a Amurka sun yi abin da ya fi wannan muni, da gangan kuma. Ranar 30 ga Agusta 1904 aka yi gudun fanfalaki na wasannin Olamfik a birnin St. Louis. An tashi wajen ƙarfe uku na rana, zafi ya kai digiri 32, hanya ta ƙasa ce mai tuddai, motocin alƙalai suna gaba suna baya suna tayar da ƙura. Shugaban shirin, James Sullivan, yana so ya ga abin da ƙishirwa ke yi wa jikin mai gudu, don haka ruwan sha kusan babu, sai wata rijiya a wajen tsakiyar hanya. Mutum 32 suka tashi, 14 suka gama. An tsinci William Garcia kwance a gefen hanya, ƙurar da ya haɗiya ta yi wa cikinsa rauni, da ƙyar ya rayu. Fred Lorz ya gaji ya hau mota, aka ɗauke shi kilomita goma sha, ya sauka ya shigo fili ana tafa masa, kafin asirinsa ya tonu. Wanda aka ba nasara, Thomas Hicks, masu kula da shi sun hana shi ruwa, suka riƙa ɗura masa farin ƙwai da barasa da ɗan sitiriknin, gubar da ake kashe ɓera da ita. Ya iso yana sambatu, ana riƙe da shi, cikin awa 3 da minti 28 da daƙiƙa 53.

A wannan tsere akwai mutum biyu 'yan ƙabilar Tswana daga kudancin Afirka, Len Taunyane da Jan Mashiani. Ba gasa ta kawo su ba, an zo da su ne cikin masu wasan kwaikwayon yaƙin Bowa a bajekolin duniya da ake yi a birnin. Suka shiga, ɗaya ya zo na tara, ɗaya na goma sha biyu. Su ne baƙaƙen fata na farko daga Afirka da suka yi gasa a Olamfik. Na huɗu kuma wani mai raba wasiƙu ne daga Kuba, Andarín Carvajal, wanda ya yi gudun da kayan jikinsa na yawo bayan an datse masa wando a gwiwa. Mutanen da suka saba cin hanya da ƙafa don neman abinci sun fi waɗanda aka yi gwaji a kansu lafiya.

Darasin bai shiga da wuri ba. A Olamfik na 1912 a Stockholm ta ƙasar Suwidin, ranar 14 ga Yuli, an sake gudu cikin zafi, kusan rabin masu tseren suka kasa gamawa. Francisco Lázaro na Fotugal ya shafe jikinsa da kitse don kada rana ta ƙona shi, kitsen ya hana gumi aikinsa. Ya faɗi a wajen kilomita 30, kashegari ya rasu. Duk da haka, har cikin shekarun 1960 dokar wasannin duniya ta hana a miƙa wa mai gudu abin sha kafin ya ci kilomita goma da ɗoriya, masu horarwa da yawa kuma suna ganin shan ruwa ragwanci ne.

Ga abin da madugu ya sani da ido, likita ya tabbatar daga baya. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Tsoka mai aiki tana haifar da zafi kamar injin niƙa, hanyar fitar da shi mafi girma kuma ita ce gumi ya bushe a kan fata. Mai gudu cikin rana na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa, tare da gishiri. Busasshen zafinmu na Maris da Afrilu mayaudari ne, don gumin na bushewa nan take, mutum ya ga rigarsa ba ta jiƙe ba ya zaci lafiya lau. Idan zafin ciki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa: mutum ya yi ta tangaɗi, ya yi magana ba kan gado, ya yi faɗa da mai son taimakonsa. A wannan hali ba ya iya ceton kansa, sai na kusa da shi ya kai shi inuwa, ya kwarara masa ruwa a jiki, ya yi masa fifita, a nemi asibiti. Jiki na sabawa da zafi, amma sai an ba shi kamar mako biyu ana ƙara aiki kaɗan-kaɗan. Ɗurar ruwa zalla fiye da kima ma haɗari ce, tana tsinka gishirin jini: binciken da aka yi kan masu gudun Boston na 2002 ya sami wannan matsala a jikin kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada. Ashe fura da nono da kunun da ake kai wa manomi gona ba ƙauyanci ba ne.

Zafin kuma ƙaruwa yake. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5. Yanzu manyan gasanni su ke guje wa rana: a Doha a 2019 da tsakar dare aka tashi gudun mata, amma cikin 68 da suka tashi 28 ba su gama ba.

Mu dawo gida. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautun arewa, sai a shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe, musamman ta hanyar asibitocin kutare irin na Babbar Ruga a Katsina. Ikilisiyoyin da ke ƙauyukan Malumfashi da Kafur da Bakori, a cikin gidajen Maguzawa, yawancinsu masu bishara 'yan ƙasa ne suka dasa su, da ƙafa, daga baya da keke. Manoma ne, sun san lokacin fita da lokacin fakewa a gindin ɗorawa. Sun kuma rayu ne da randar mutane. A ƙasar nan baƙo ba ya roƙon ruwa sau biyu, kuma matan da suka miƙa wa mai bishara moɗa ba su tambaye shi addininsa ba. Da yawansu Musulmi ne, da yawa masu bin al'adar gargajiya. Daga irin waɗannan gidaje na Malumfashi aka sami Gerald Mamman Musa, wanda ya zama bishof na farko na Katolika a Katsina a 2023. Ko Suleiman Hashimu, ɗan jiharmu da ya taka daga Legas zuwa Abuja a Afrilun 2015, a gidaje da rugagen mutanen da bai sani ba ya riƙa kwana.

Yau akwai hanyoyin daji a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da ba zafi kaɗai ke hana bin su ba. Matashin da ya ce zai shiga shi kaɗai don nuna bangaskiya, bai shawarci dattawa ba, bai gaya wa kowa ba, ya tuna cewa fatake ma masu addu'a ne, amma ba su taɓa fita ba jagaba ba.

Annabi Iliya ya yi gudun da ya fi na kowa a Tsohon Alkawari. A ƙarshen 1 Sarakuna sura 18 ya tsere wa karusar Ahab daga Dutsen Karmel har Yezreyel, wajen kilomita talatin, bayan yinin da ya ga wuta ta sauko daga sama. Sura ta gaba sai ga shi yana gudun Yezebel har Biyer-sheba. A can ya bar baransa, ya shiga jeji shi kaɗai tafiyar yini guda, ya zube a gindin wani ɗan itace yana roƙon mutuwa. Duk wanda ya taɓa ganin wanda rana ta buga zai gane wannan hoto. Allah bai fara da tsawata masa ba, bai kuma fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da tulun ruwa, ya bar shi ya sake barci, ya sake ciyar da shi, domin sauran hanyar ta fi ƙarfinsa. Maganar da za a yi da shi ta jira sai da ya kai Horeb bayan kwana arba'in.

A tseren Stockholm ɗin nan da ya ci ran Lázaro akwai wani saurayi ɗan Japan, Shizo Kanakuri, wanda ya yi tafiyar fiye da mako biyu ta jirgin ruwa da jirgin ƙasa kafin ya iso. Rana ta buge shi a hanya, wasu iyali a unguwar Sollentuna suka shigar da shi gida suka ba shi abin sha, ya farfaɗo. Kunya ta sa ya koma ƙasarsa bai sallami alƙalai ba. Ya ci gaba da gudu, ya horar da matasa masu yawa, har ake kiransa uban gudun fanfalaki na Japan. A 1967 mutanen Suwidin suka gayyato shi, yana da shekara 75, ya zo ya ƙetare layin da ya bari. Aka rubuta masa lokacinsa: shekara 54 da wata 8 da kwana 6 da awa 5 da minti 32.